Yadda ake saka zanen kula da inganci cikin R Commander, don waɗanda ba sa son rubuta kod

Aya ce ta kai ni ga wannan aikin wallahi, ba wani babban bincike ba. Innata tana cikin wani gurupma na mata nan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, suna sayen aya buhu buhu daga wajen Agie da Gazawa, su wanke su soya su ƙulla a leda ta garam 500 a kai wa masu shaguna, sai wani mai shago ya fara ƙorafi wai ledarsu ba ta cika, su kuma suna rantsuwa har gyara suke ƙarawa. Ta kira ni ta ce ɗana kai da ka yi lakkwal zo ka raba mu da mutumin nan, ko mu ne ba mu iya awo ba ko shi ne yake neman ragi. Na ce to Inna bari mu auna mu gani. Matsalar ita ce yarinyar da ke riƙe musu littafi ta iya Excel sosai amma ranar da na buɗe mata R, manhajar lissafi da ake rubuta wa umarni, ta ga farin allo da alamar > tana jiran a rubuta mata umarni sai ta ja kujera baya ta ce yaya wannan kam ba da ni ba. Shi ya sa na zauna na yi mata buton da za ta danna zane ya fito, kuma shi ne zan nuna muku daga farko har ƙarshe.

Kafin mu taɓa kwamfuta bari in ɗan faɗi mene ne zanen, don na ga ɗalibai da yawa suna saka shi a memuwar ba su san abin da yake faɗa ba. Wani Ba'amurke ne Walter Shewhart ya fito da shi a 1924 lokacin yana aiki da Western Electric, masu ƙera kayan tarho. Tunaninsa shi ne duk abin da ake yi ana maimaitawa ba ya fitowa daidai wa daida, leda ɗaya 498 ɗaya 503, wannan bambancin yau da kullum ne, hannu ne da sikeli da danshin iska, in ka bi shi kana gyara sai ka ƙara dagula aikin. Amma akwai bambanci na biyu mai dalili, sikeli ya goce ko an kawo sabuwar ma'aikaciya ko an canza kwano, shi ne ake so a kama da wuri. Zanen layi uku ne a kwance, na tsakiya matsakaicin awo, na sama da na ƙasa iyakoki ne da ake ajewa nisan sigma 3 daga tsakiya, sigma kuwa ma'aunin yadda awo ke warwatsuwa ne, sannan ɗigo ɗigo na awon kowane lokaci. In aikin yana tafiya lafiya kusan kashi 99.73 cikin ɗari na ɗigon suna zama tsakanin iyakokin, ma'ana kamar sau ɗaya cikin 370 ne ɗigo zai fita haka kawai ba dalili. To in ka ga ya fita, tashi ka je ka duba.

Yanzu kayan aiki. Abu uku za ka saka kuma duk kyauta ne. Na farko R kansa, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara a jami'ar Auckland, ana ɗauko shi a shafin CRAN. Lokacin sakawa a Windows in ya tambaye ka ko kana son ka zaɓi yadda zai riƙa tashi ka ce e ka zaɓi SDI, R Commander ya fi zama lafiya da shi. Na biyu R Commander ɗin, sunansa a cikin R shi ne Rcmdr, aikin John Fox ne na jami'ar McMaster a Kanada, shi ne ke ba ka meni da buton kamar sauran manhajoji. Na uku qcc, wanda Luca Scrucca ya rubuta lokacin yana jami'ar Perugia a Italiya, shi ne mai yin lissafin da zanen. Ka buɗe R ka rubuta:

install.packages(c("Rcmdr", "qcc"))

Ka tabbata kana da forfe mai ɗan kauri don Rcmdr yana jawo 'yan'uwansa da yawa, kuma ranar farko da ka rubuta library(Rcmdr) zai sake ce maka akwai waɗanda suka rage in ɗauko? ka ce e. Ni cikin dare na yi lokacin da rezo ya fi sauƙi, kuma na cika batir tukuna don kar a ɗauke kuran ana tsakiyar saukewa.

In tagar ta buɗe za ka ga meni a sama, in Windows ɗinka na Faransanci ne kamar yawancin namu za ka ga Fichier, Données, Statistiques, Graphes, Outils da sauransu. Ka duba duka ba za ka ga zanen inganci ba, shi ne giɓin da za mu cike. Amma kar ka fara gini sai ka gwada qcc yana aiki. A babban filin rubutu na sama ka saka wannan, ka shafa shi duka da linzami ka danna Soumettre:

library(qcc)
data(pistonrings)
d <- qcc.groups(pistonrings$diameter, pistonrings$sample)
qcc(d[1:25,], type="xbar")

Wannan awon zoben fistan ne da ke zuwa cikin qcc don gwaji, rukuni 40 kowane da awo 5, mu mun ɗauki 25 na farko. In zane ya fito da layin tsakiya wajen 74.001 to komai lafiya, mu ci gaba. In bai fito ba matsalar sakawa ce, ka koma baya, don in ka ci gaba a haka duk kuskuren da ya zo ba za ka san daga ina yake ba.

To ga ginin. R Commander yana karɓar ƙari da ake ce wa plug-in, kuma plug-in ba wani abin tsoro ba ne, dosiye ne guda da fishiye huɗu a ciki. Ka yi dosiye a C ka sa masa suna aiki, a cikinsa ka yi wani mai suna RcmdrPlugin.inganci, a cikin wannan ka yi dosiye R da dosiye inst, a cikin inst kuma ka yi etc. Manyan baƙaƙe da ƙanana duk ka bi su yadda na rubuta.

Da Bloc-notes za ka yi rubutun, don Allah kar ka yi da Word. Na ɓata yamma guda cur saboda wannan, Word na Faransanci yana juya alamar " ta koma « » da kansa, R kuma bai san wannan ba sai ya yi ta kuka. Haka in wani ya turo maka kod ɗin ta WhatsApp ka duba alamomin da kyau.

Fishiye na farko sunansa DESCRIPTION, ba .txt ba komai, a ajiye shi kai tsaye cikin RcmdrPlugin.inganci:

Package: RcmdrPlugin.inganci
Title: Zanen Kula da Inganci
Version: 0.1
Author: Sunanka
Maintainer: Sunanka <kai@example.com>
Description: Zanen X-bar da R cikin R Commander.
License: GPL-2
Depends: Rcmdr, qcc
Imports: tcltk

Nan ma akwai rami. Bloc-notes yana liƙa .txt a bayan suna a ɓoye, kai kana ganin DESCRIPTION alhali DESCRIPTION.txt ne. Ka shiga Affichage a tagar dosiye ka kunna nuna ƙarshen sunayen fishiye, in ka ga .txt ka goge shi. Kuma ka lura ban saka ƙ ko ɗ ko ɓ a cikin waɗannan fishiyoyin ba, da gangan ne, wani lokaci suna fitowa a hargitse a meni, gara a bar su.

Na biyu NAMESPACE, shi ma ba .txt, a gefen na farko:

import(tcltk)
import(Rcmdr)
export(zanenXbar, zanenR)

Na uku shi ne wanda ke sa meni ya bayyana, sunansa menus.txt a cikin inst/etc, kuma da wannan fishiyen ne R Commander yake gane cewa dosiyenka plug-in ne:

menu ingMenu topMenu "" "" "" ""
item ingMenu command "Zanen R..." zanenR "numericP()" ""
item ingMenu command "Zanen X-bar..." zanenXbar "numericP()" ""
item topMenu cascade "Inganci" ingMenu "" ""

Kowane layi gida bakwai ne, ko babu abin sakawa sai ka saka "" ya riƙe gurbin, in ɗaya ya ɓace R Commander ba zai ma tashi ba. Layin farko yana ƙirƙirar menin, biyu na tsakiya su ne abubuwan dannawa da sunan aikin da kowane zai kira, na ƙarshe yana rataye shi a sama da sunan Inganci. Wancan numericP() kuwa shi ke sa buton ya zama toka toka ba ya dannuwa har sai an shigo da tablo mai lambobi, yana hana mai koyo danna abu a banza ya ga jan rubutu ya tsorata. Na sa Zanen R a sama da gangan, zan faɗi dalili.

Na huɗu shi ne zuciyar, ka sa masa suna zane.R a cikin dosiye R:

tagarZane <- function(iri){
  sake <- function() tagarZane(iri)
  initializeDialog(title = paste("Zanen", iri))
  awoBox <- variableListBox(top, Numeric(), title = "Awo")
  rukBox <- variableListBox(top, Variables(), title = "Rukuni")
  onOK <- function(){
    awo <- getSelection(awoBox)
    ruk <- getSelection(rukBox)
    closeDialog()
    if (length(awo) == 0 || length(ruk) == 0){
      errorCondition(recall = sake, message = "Zabi awo da rukuni")
      return()
    }
    d <- ActiveDataSet()
    doItAndPrint(paste0("summary(qcc(qcc.groups(", d, "$", awo, ", ", d, "$", ruk, "), type='", iri, "'))"))
    tkfocus(CommanderWindow())
  }
  OKCancelHelp(helpSubject = "qcc")
  tkgrid(getFrame(awoBox), getFrame(rukBox), sticky = "nw")
  tkgrid(buttonsFrame, columnspan = 2, sticky = "w")
  dialogSuffix()
}
zanenXbar <- function() tagarZane("xbar")
zanenR <- function() tagarZane("R")

Kar tsawonsa ya firgita ka, in ka karanta a hankali labari ne gajere. A buɗe ƙaramar taga, a jera akwati biyu, na hagu sunayen ginshiƙan da ke da lambobi na dama duka ginshiƙai, in mutum ya danna OK a ɗauki abin da ya zaɓa, in bai zaɓi komai ba a ce masa ya zaɓa a sake buɗe tagar, in ya zaɓa a harhaɗa umarnin nan da muka gwada ɗazu a miƙa wa doItAndPrint. Wannan doItAndPrint ɗin ni shi na fi so a duk tsarin, saboda ban da yin aikin yana rubuta umarnin a filin sama mutum yana gani, yarinyar da ta ce ba da ita ba bayan sati biyu ita da kanta take canza xbar ta mayar da shi R a cikin layin ta danna Soumettre, ba wanda ya koya mata. A akwatin dama na sa Variables() ba Factors() ba don lambar rukuni 1, 2, 3 ce, R yana ɗaukarta lamba, in ka sa Factors() akwatin zai fito fanko.

Saura sakawa. Ka rufe R gaba ɗaya ka sake buɗewa, kar ka kira Rcmdr tukuna, ka rubuta:

install.packages("C:/aiki/RcmdrPlugin.inganci", repos=NULL, type="source")

Ka lura sandar / ce ba \ ba. Tunda babu kod na C a ciki ba ka buƙatar Rtools. Yana iya yi maka 'yan gargaɗi game da import, ba komai, abin da kake nema shi ne kalmar DONE a ƙarshe. Sai library(Rcmdr), ka shiga Outils ka danna layin da ke maganar plug-in, ka zaɓi RcmdrPlugin.inganci, zai ce sai ya sake tashi ka ce e, in ya dawo ga Inganci nan a jerin meni na sama.

Yanzu awon kansa, kuma nan ne aka fi yin ɓarna ba a kod ba. Abin da muka yi a wajen su Inna shi ne sau biyu a rana, da hantsi da bayan la'asar, a ɗauki leda 5 a jere yadda suka fito daga hannun mai ƙullawa a ɗora a wani sikeli daban da muka aro, ba zaɓe, ba a ce wannan ta yi kama da cikakka bari a ɗauke ta. Kowane ɗauka shi ne rukuni ɗaya. Ana son rukuni 20 zuwa 25 kafin a yarda da iyakokin, don haka sai da muka yi kusan sati biyu. A Excel ginshiƙi biyu kawai, rukuni da nauyi, 1 sau biyar 2 sau biyar haka har ƙasa, sunan ginshiƙi ba tazara ba aksan. Ka shigo da shi ta Données. In CSV ka ajiye to ka yi hankali, Excel na Faransanci yana raba gidaje da alamar ; kuma yana rubuta 499,5 da waƙafi maimakon ɗigo, a tagar shigowa akwai wurin zaɓen duka biyun, in ka manta R zai ɗauki nauyin a matsayin rubutu kuma ba za ka gan shi a akwatin Awo ba, ka zauna kana zargin plug-in alhali waƙafi ne.

Ka fara da Zanen R kullum. R a nan tazara ce tsakanin leda mafi nauyi da mafi sauƙi a cikin biyar ɗin, kuma da matsakaicin wannan tazarar ake lissafa iyakokin X-bar, wato zanen matsakaicin nauyin kowane rukuni, to in tazarar kanta tana hauka iyakokin X-bar ba su da amfani. Ga lissafin da hannu don ka iya duba injin. In kowane rukuni leda 5 ne lambobin da ake amfani da su A2 = 0.577, D3 = 0, D4 = 2.114. A ce misali matsakaicin duka ya fito garam 502 matsakaicin tazara garam 10, iyakar sama ta X-bar 502 a ƙara A2 sau 10, ke nan 5.77, wato 507.8, ta ƙasa 496.2, iyakar sama ta R kuma D4 sau 10 wato 21.1, ta ƙasa D3 sau 10 wato sifiri. In abin da qcc ya rubuta a ƙasan zane wajen UCL da LCL, wato iyakar sama da ta ƙasa, ya yi kusa da naka to kun daidaita.

A zanen, ɗigon da ya tsallake iyaka ja ne. Akwai kuma ruwan lemo, shi ke nuna ɗigo 7 ko fiye sun jeru a gefe ɗaya na layin tsakiya, ko da ba wanda ya fita wannan ma alama ce abu ya karkata. Namu Zanen R ya fito lafiya lau, hannun matan daidai yake, amma X-bar sai ga shi kamar haƙoran zarto, sama ƙasa sama ƙasa, na hantsi a sama na la'asar a ƙasa har wasu sun yi ja. Na je na zauna da la'asar ina kallo ban ce komai ba. Ashe masu safe da kwanon roba suke awo su mayar da sikeli sifiri a kansa, masu yamma kuma wani lokaci kwanon yana wajen wanki sai su ɗora tasar silba wadda ta fi nauyi ba su sake danna sifirin ba, nauyin tasa yana cin ayar mutane. Inna ta riƙe baki ta ce ashe bawan Allahn nan da gaskiyarsa. Aka sayi kwano biyu iri ɗaya aka ɗaure ɗaya da igiya a jikin tebur.

Abu ɗaya da nake ta faɗa da ɗalibai a kansa, iyakokin nan ba su ne 500 da aka rubuta a leda ba. Zanen yana gaya maka abin da aikinka yake fitarwa ne, ba abin da mai saye yake so ba. Kana iya samun zane mai kyau ba ja ko ɗaya amma tsakiyarsa 490, ma'ana kullum kana tauye mudu cikin natsuwa. Kuma ko tsakiyar tana 502 iyakokin X-bar na matsakaicin leda biyar ne, leda ɗaya ɗaya tana iya faɗuwa ƙasa da haka, don haka kar ka ɗauki 496 ka ce wa mai shago ba ledar da za ta gaza wannan.

Buton ɗin namu yana da rauni guda da ya kamata ka sani, duk lokacin da aka danna yana sake lissafa iyakoki da duk awon da ke cikin tablo, to in aikin yana lalacewa a hankali iyakokin ma suna bin sa. Yadda ya dace shi ne bayan an gyara matsala a tara sabbin rukuni 25 masu tsabta a kafa iyaka da su, sauran da ke zuwa a auna su a kan wannan iyakar. Ka gwada da zoben fistan ka gani:

qcc(d[1:25,], type="xbar", newdata=d[26:40,])

Za ka ga layi a tsaye ya raba tsoho da sabo, kuma rukuni na 37 da 38 da 39 sun yi ja a sama. Ni wannan layin na rubuta wa yarinyar a takarda na manna a jikin kwamfutar, lambar ƙarshe kawai take canzawa kowane sati.

In kana son ƙara wani zane, misali na S, shi ma warwatsuwar awo yake dubawa kamar na R, wanda ya fi dacewa in awon da ke cikin kowane rukuni ya haura 10, layi ɗaya ne a zane.R wato zanenS <- function() tagarZane("S"), ka ƙara sunan a export, ka ƙara layin item a menus.txt, ka rufe R ka sake install.packages ɗin nan, in ba ka rufe ba tsohon ne zai ci gaba da fitowa. Zanen p na ƙirga ledojin da suka fashe shi kam yana son taga daban don yana buƙatar ginshiƙin adadin da aka duba ba na rukuni ba. In kuma wata kwamfutar za ka kai wa, dosiyen RcmdrPlugin.inganci kawai za ka kwafa a kile, amma can ma sai an fara saka Rcmdr da qcc kafin ya karɓa.